Zaɓen Keken Titi ga Wanda Ya Daɗe Rabonsa da Sirdi

Gabatarwa

Da wuya a shiga wata ma'aikata ko wata tsangaya a jami'a a rasa mutumin da keke ya yi wa hidima a ƙuruciya, ya kai shi makaranta, ya kai shi aike, sa'an nan babur ko mota ta raba su har shekara goma sha biyar ko ashirin. Irin wannan mutum yakan wayi gari ya ji yana son komawa. Wani likita ne ya ce masa ya riƙa motsa jiki, wani tsadar mai ce ta kore shi tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, wani kuwa sha'awa ce kawai ta motsa da ya ga samari suna wucewa da sassafe a kan kekuna masu siraran ƙafafu. Wannan maƙala domin irin wannan mutum aka yi ta. Abin da za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wajen mai komawa hawa, dacewar keke da jikinsa da kuma hanyar da zai bi ita ce gaba da kome. Sunan kamfani da rashin nauyi da yawan giya, waɗanda su ne mai sayarwa ya fi zuzutawa, duk a baya suke.

Kafin mu shiga, yana da kyau mu daidaita suna. A bakin jama'a, duk keken da kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago "keken tsere" ne. Sunan ba laifi, amma yana ɓatar da mai saye, domin mafi yawan irin waɗannan kekuna ba don gasa aka ƙera su ba, an yi su ne don doguwar tafiya a kan kwalta. Saboda haka a nan za mu ce "keken titi", mu bar "keken tsere" ga wanda aka yi musamman domin gasa. Ɗaliban harshe kuma sa lura da yadda Bahaushe ya ɗauko "sirdi" daga wajen doki ya ɗora wa keke, amma ya ari "feda" da "birki" da "giya" daga Ingilishi.

Keken da aka sani da wanda za a tarar

Keken da yawancinmu muka koya da shi, watau irin su Raleigh ta Nottingham a Ingila da Phoenix ta Shanghai a ƙasar Sin, bai yi nisa ƙwarai da fasalin da John Kemp Starley ya fitar a Coventry cikin 1885 ba: ƙafafu biyu kusan girma ɗaya, sarƙa tana jan ta baya. Nauyinsa yakan kusa kilo 20, giyarsa ɗaya ce, birkinsa na sandar ƙarfe, mahayi kuma yana zaune a miƙe kamar a kan kujera. An yi shi ne don ya ɗauki buhu da mutum a kariya, ya kuma jure.

Keken titi na yau wata halitta ce dabam. Mai matsakaicin kuɗi yakan yi kilo 9 zuwa 11. Mahayi yana sunkuyawa gaba, har wani kaso na nauyinsa ya koma kan hannuwa. Kan yana da sauri wajen juyawa, abin da kan ba wanda ya saba da tsohon keke tsoro a kwanakin farko. Ko wanda ya taɓa hawan keken tsere a shekarun 1980 zai tarar an sauya abubuwa. A da, sandunan canja giya a jikin bututun firam suke, sai mutum ya saki hannu ɗaya ya laluba. Kamfanin Shimano na Japan ya fito da giya mai tsayawa daki-daki a 1984, sa'an nan a 1990 ya haɗa macanjin giya da hannun birki wuri guda, ta yadda mahayi ba ya sakin kai ko kaɗan. Wannan sauyi alheri ne babba ga ɗan koyo, don haka in da hali kada ya sayi keken da ba shi da shi.

Awo

A nan ne ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa. Tsohon keke kusan girma ɗaya ake kawo shi, yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa, babba ya hau sirdi, kowa ya yi maneji. Keken titi ba ya karɓar maneji. Girma-girma ake ƙera shi kamar takalmi, galibi daga santimita 48 zuwa 62, wasu kamfanoni kuma su sa haruffa maimakon lamba. Wanda ya hau wanda ya fi ƙarfinsa zai yi ta miƙa hannu, wuya da kafaɗa da ƙugu su ɗauki ciwo tun kafin ya yi kilomita goma. Ƙarshenta keken ya koma jingine a zaure, mai shi yana cewa ai shekaru ne suka ja, alhali kuwa awo ne bai yi daidai ba.

Awon da ya fi muhimmanci shi ne tsawon ƙafa ta ciki. Mutum ya tsaya ba takalmi, ya jingina da bango, ya matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyinsa har sama kamar yana zaune a kan sirdi, wani ya auna daga gefen littafin na sama zuwa ƙasa. A ce an sami santimita 82. Tsohuwar ƙa'idar maƙera ita ce a ninka wannan da 0.65, sai a sami kimanin 53, watau mutumin ya nemi firam mai lamba 53 ko 54. Tsayin sirdi kuma akwai lissafin da aka fi jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku: a ninka tsawon ƙafar da 0.883. Ga mai santimita 82 zai ba da kimanin 72, ana aunawa daga tsakiyar gindin da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Wanda lissafi bai dame shi ba yana da hanya mai sauƙi: ya zauna a sirdi, ya ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, to tsayin ya yi kusa da daidai, domin idan ya mai da tafin ƙafa na gaba kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, yadda ake so.

Lalle ne a faɗa wa mai komawa wani abu da zai ba shi mamaki. A daidaitaccen tsayi, ba zai iya dafa ƙasa da tafin ƙafa duka yana zaune a sirdi ba. Da yawa sukan sauke sirdin ƙasa saboda tsoro, sai gwiwa ta riƙa naɗewa fiye da kima a kowane juyi, ciwon gaban gwiwa ya biyo baya. Abin yi shi ne a koyi zamowa gaba daga sirdi in za a tsaya. Ba laifi a fara da rage santimita ɗaya ko biyu a makon farko, a riƙa ɗagawa a hankali.

Amma fa lambar firam ba ta gama magana ba. Kekuna biyu masu lamba 54 suna iya bambanta ƙwarai wajen abubuwa biyu: yadda goshin keken ya ɗaga sama, da kuma nisan da hannu zai miƙa kafin ya kama kai. Keken tsere na ainihi goshinsa ƙasa yake, jikinsa dogo, don mahayi ya kwanta ya tsaga iska. An yi shi ne domin saurayin da ke horo kullum, wanda bayansa ke lanƙwasuwa kamar tsumagiya. Akwai kuma wanda aka yi domin doguwar tafiya, mai ɗagaggen goshi da gajeren miƙi, ƙafafunsa kuma sun ɗan ƙara nisa da juna don ya natsu a kan hanya. Specialized Roubaix da Trek Domane da Giant Defy da Cannondale Synapse duk irin wannan ne. A ganina, mutumin da ya ba shekara talatin da biyar baya, ya kuma shafe shekaru a kujerar ofis, ba shi da wata hujja ta sayen na farkon. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ya hau, ya ɗora hannuwa a kan kafaɗun birki, inda mahayi ke yin mafi yawan tafiyarsa. In gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kafaɗa ta saki, yana kuma ganin gabansa ba tare da ya ɗage wuya da ƙarfi ba, to madalla. In ya faɗa tsakanin lamba biyu, ya ɗauki ƙaramin. Ƙaramin keke ana iya ƙara masa tsawo ta wajen sauya guntun ƙarfen da ya haɗa kai da firam, wanda ake samu daga milimita 80 har 120, amma babba ba shi da magani.

Giya

Mai sayarwa zai ce keken nan giyarsa goma sha shida ce, wancan ashirin da biyu. Adadin ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne, giya mafi sauƙi, yaya sauƙinta?

Ga yadda abin yake. A gaba akwai faranti biyu masu haƙora inda fedoji suke, a baya kuma akwai jerin ƙananan faifai. In aka raba haƙoran farantin gaba da na faifan baya, aka ninka da kewayen taya, wanda ya kai kimanin mita 2.1, za a sami nisan da keke ke ci a juyi ɗaya na feda. Tsohon kekenmu mai giya ɗaya yana cin wajen mita biyar da rabi zuwa shida a kowane juyi, shi ya sa in an zo hawa sai a miƙe tsaye ko a sauka a tura. Kekunan tsere na da sukan zo da faranti mai haƙora 52 da 42, ko 53 da 39, babban faifan baya kuma bai wuce 23 ko 25 ba. Ɗauki 39 da 23: juyi ɗaya ya ci kimanin mita 3.6. Na zamani da aka yi wa talakan mahayi yakan zo da 50 da 34 a gaba, faifan baya kuma ya kai 32 ko 34. Ɗauki 34 da 32: juyi ɗaya bai fi mita 2.3 ba. Bambancin da ke tsakanin 3.6 da 2.3 shi ne bambancin wanda ya hau tudu yana zaune yana numfashi daidai, da wanda ya sauka a tsakiya yana haki.

Mutumin Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take shimfiɗe, yana iya cewa wannan bai shafe shi ba. Mutumin Jos ko Abuja ba zai faɗi haka ba. Amma ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu a buɗaɗɗen fili ya san ita ma tudu ce. Daɗin daɗawa, gwiwar da ta daɗe ba ta aiki ta fi son juyi mai sauri a giya mai sauƙi, kamar sau 80 a minti, da a danna mai nauyi a hankali.

Game da darajar kayan giya, a kan kekunan da aka ƙera cikin shekarun baya-bayan nan za a ga sunayen Shimano kamar haka: Claris mai faifai 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11 ko 12, sa'an nan Ultegra da Dura-Ace na 'yan gasa. Claris ko Sora sun ishi mai komawa. Hasali ma sun fi masa, domin sarƙarsu ta fi kauri, ta fi arha, kuma mai gyara na bakin kasuwa ya fi iya samo ta.

Taya

Shekaru da dama 'yan tsere sun yi imani cewa siririyar taya ta milimita 23, wadda aka ɗura wa iska har ta yi tauri kamar dutse, ita ce mafi gudu. Gwaje-gwaje sun nuna ba haka ba ne a kan hanyar da ba sumul take ba, domin taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane ɗan tsakuwa, ƙarfin mahayi ya tafi a girgiza. Yau har manyan 'yan gasa na Turai sun koma milimita 28 ko fiye. To, in haka ne a titunan Faransa da Italiya, ina ga namu, inda ramuka suke, yashi ya kwanta a gefen kwalta, tsidau kuma yana jira? Mai saye ya nemi keken da zai karɓi taya ta milimita 28 aƙalla, in ya sami mai karɓar 32 ya fi. Ya duba da idonsa ko akwai sarari tsakanin taya da firam, domin tsofaffin kekunan tsere da yawa ba sa wuce 25.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Ƙafar keken titi na zamani ita ce ake rubuta wa 700C, faɗin rim ɗinta milimita 622. Tsofaffin kekunan Ingila da Amurka kuwa sukan zo da ƙafa mai inci 27, wadda take milimita 630. A ido kamar ɗaya suke, amma tayar wannan ba ta shiga wancan. Ta tsohon Raleigh mai inci 28 ita kuma 635 ce. Lambar tana rubuce a jikin taya, kamar 28-622. A karanta kafin a biya kuɗi, don kada a sayi keken da za a sha wuyar samo masa taya. Haka kuma bawul ɗin keken titi siriri ne mai ɗan noti a kai, irin wanda ake kira Presta, famfon mai faci ba ya kama shi sai da 'yar mahaɗa. A sayi famfo mai ma'auni tare da keken, a riƙa duba iska aƙalla sau ɗaya a mako, domin tayar da iskarta ta yi ƙasa in ta daki bakin rami, rim yakan tsinke tub wuri biyu.

Ƙarfe da nauyi

Ana yin firam da baƙin ƙarfe, ko alminiyam, ko kabon. Baƙin ƙarfe ya fi nauyi kaɗan, amma yana da taushin tafiya, in ya tsage kuma mai walda na iya taɓa shi. Alminiyam shi ne a kan mafi yawan kekuna masu matsakaicin kuɗi, ba ya tsatsa, kuma shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin masu komawa. Kabon ya fi su rashin nauyi da tsada, sai dai yana iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe, ba kuma a gyara shi a garejin unguwa. Sayen firam na kabon na hannu, wanda ba a san tarihinsa ba, kasada ce.

Zancen nauyi kuwa an cika zuzuta shi. Hukumar tseren keke ta duniya ta ƙayyade tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, kamfanoni kuma suna karɓar maƙudan kuɗi don kusantar wannan adadi. Amma mutum mai kilo 80 a kan keke mai kilo 10, jimla 90 ke nan. Rage kilo ɗaya bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce babbar abokiyar gaba.

Birki, da sayen na hannu

Birki iri biyu ne: mai matse rim, da mai matse faifai a tsakiyar ƙafa, wanda hukumar tseren ta amince da shi a gasar titi a 2018. Na faifai ya fi kamawa cikin ruwan sama, ya kuma ba da sararin faffaɗar taya. Amma irinsa mai aiki da mai yana bukatar gwani da kayan da ba ko'ina ake samu ba. Wanda ke nesa da babban gari ya tsaya a kan mai waya, ko na rim ne ko na faifai.

Tun da yake mafi yawan kekunan titi da ke kasuwanninmu na gwanjo ne daga Turai da Amurka, dole mai saye ya zama mai bincike, gani ya kori ji. Ya dubi bayan goshin firam da ƙarƙashin bututun: in fenti ya tattare ko ya tsattsage a nan, alama ce keken ya taɓa yin karo ta gaba, a bar shi kome arharsa. Ya ɗaga kowace ƙafa ya juya ta, ya ga ko rim yana kaɗawa hagu da dama. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya, in ya ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki. Ya kwance noti ya tabbata sandar sirdi tana motsi, domin ta alminiyam takan manne a cikin firam na baƙin ƙarfe har ta gagara fita, keken da ba a iya daidaita sirdinsa kuwa duk lissafin da muka yi a baya ya tashi a banza. Sarƙa ma ana auna ta: daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, don haka ƙusa ta farko da ta ashirin da biyar ya kamata su faɗa daidai inci 12. In ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, to ta riga ta cinye haƙoran faifai, sai a rage kuɗin sababbi daga farashi. Ƙurar hunturu tana gaggauta wannan lalacewa, saboda haka a riƙa goge sarƙa, a ɗiga mai kaɗan, kada a lafta mata baƙin man inji.

Kada a kashe kuɗin duka a kan keken. A ware na hular kwano, da fitila ta gaba da ta baya, da tub na ajiya. Fedojin da ake maƙala wa takalmi na musamman a dakata da su tukuna, feda mai faɗi ta wadatar har sai hannu ya faɗa. Sirdi zai yi zafi a makonni biyu na farko ko da wane iri ne, kuma mai laushi kamar katifa ya fi cutarwa a doguwar tafiya, don haka kada a yi saurin sauya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi, watau rabin awa sau biyar, wannan kuwa ma'auni ne mai kyau na farawa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likitansa.

Saura abu ɗaya da za a duba tun a gaban mai sayarwa. A tsarin Ingila, wanda tsohon Raleigh ya bi, hannun dama shi ne birkin gaba. Kekunan da suka fito daga Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa akasin haka ne, hannun hagu ne na gaba. Hannu ba ya manta abin da ya koya yana yaro, birkin keken titi kuma yana kamawa fiye da na sanda nesa ba kusa ba, har yana iya wuntsila mahayi ta saman kai in ya damƙi na gaba da ƙarfi yana zaton na baya ne. A matse kowane hannu a ga ƙafar da ya kama. In ya saɓa wa sabo, mai gyara zai iya musanya wayoyin kafin a fitar da keken kan titi.